Garin da Baba Ya Ɓoye

Mahaifina Ɗanbala, mai gyaran keken ɗinki, ba ya zama. Ko abinci ka ba shi, a bakin kujera yake ɗosanawa ya ci, takalmi a ƙafa. Ɗakunan hayar da muka zauna tsakanin unguwannin Nima da Maamobi tuni na daina tuna su. Da mai gida ya fara cewa, "Wai ku asalinku ina?" to Baba zai shigo ya ce a ɗaure kaya. Uwarmu ta yi masifa har ta gaji, har Allah ya ɗauke ta.

A bakinta na ji dalili. A 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Baba yana saurayi, yana koyon aiki wajen wani tela ɗan ƙabilar Ga a unguwar Kokomlemle. Mahaifinsa da ƙannensa suka hau babbar mota suka yi arewa. Shi kuwa telan ya ɓoye shi a bayan shago cikin yadudduka, ya koya masa amsa guda: nan aka haife ni. Ya riƙe amsar nan kamar kalmar shahada. Ko matarsa bai faɗa wa sunan garinsu ba. Nijar ne, Najeriya ce, oho. Hausarsa ce kawai ke tona shi, don babu wanda aka haifa a Nima yake irin wannan Hausa.

Ni Mariatu na haƙura tuntuni. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Kowa a zango, unguwarmu ta baƙi, yana da garin da yake nunawa da yatsa, mu sai kallon ƙasa.

Sai Allah ya ba ni Nasiha, yarinya mai bakin tsiya da son tarihi. Tana sakandare. Kusa da tukunyar waakye ɗina, shinkafa da waken da nake sayarwa, take karatu, ta karanta da Turanci ta juya wa kakanta da Hausa, shi yana kwankwance kan keken ɗinkin wani. Daula. Mulkin mallaka. Juyin juya hali. Baba yana jin daɗi, yana gyara mata: "Sojan da ya ƙwace rediyo da asuba shi ne juyin juya halinku? Mun ga irinsu." Muddin tarihin na mutanen nesa ne, bakinsa ba ya rufuwa.

Ranar da suka kai kan ƙaura ne aka ɓata.

"Kaka, tica ta ce tarihi ba a littafi kawai yake ba," in ji Nasiha. "Akwai tarihin baka. Kowa ya tambayi tsohon gidansu daga ina suka zo. Wallahi, kowa ya samu nasa, saura ni."

Baba ya ajiye sukuddireba. "Wa ya aiko ta?"

"Makaranta ne, Kaka."

"Makarantar ta wa ce? Ba ta gwamnati ba? Haka suke farawa, da tambaya mai daɗi. Ki ce mata nan aka haife ni."

Kafin la'asar ya fara tambayar mutane ko akwai ɗaki a Maamobi. Tsoho mai shekara tamanin, da ciwon gwiwa! Na ce, "Baba, wallahi ba inda za mu. Jikarka 'yar ƙasa ce, ni 'yar ƙasa ce, babu motar da za ta zo." Ya yi mini kallon wadda ba ta san duniya ba. Ya daina cin abincina. Da safe ya saɓa jakar aikinsa ya bi lunguna, alhali idonsa ba ya ganin ramin allura, ya dawo ya zauna, ya sake tashi.

Nasiha ta kai aikinta ba komai a ciki. Ba ta yi kuka a makaranta ba, sai da ta dawo. Ta ce masa, "Ba maki nake so ba, Kaka. In ka mutu, shi ke nan, ba mu da gari?"

Ya saɓa jakarsa ya fita. Amma ranar Juma'a, bayan an sauko, ya kira mu ɗaki. Ya ce in rufe ƙofa, in saki labule. Ya cire takalminsa, abin da ya sa gabana ya faɗi.

"Ban yarda ki kai wa malamarku ba," ya ce. "Naku ne." Nasiha ta gyaɗa kai.

"Garinmu akwai rijiya a bakin kasuwa, mai zurfin gaske. Ran Laraba kasuwar ke ci. Gidanmu yana bayan marina. Sunan garin..."

Sunan bai fito ba. Leɓɓansa suna motsi. Ya dafe goshi, ya sake farowa daga rijiya, ya bi ta kasuwa, ya zo marina, ya tsaya cik. Zufa ta karyo masa.

"Mariatu, ban taɓa faɗa miki ba? Ko sau ɗaya?"

"Ba ka taɓa ba, Baba."

Haushinsa da na tara shekara da shekaru ya zube, tausayi ya kama ni. Ya miƙe yana laluben takalmi da ƙafa.

"Ku jira ni. Bari in je wajen Usaini mai nama, ɗan garinmu ne, shi zai tuna."

Nasiha ta dube ni. Usaini mai nama tun azumin bara aka binne shi, kuma da Baba aka yi masa salla.