Hular Baba da Na Binne

Ranar wata Lahadi ce, cikin daminar shekarar da aka ce mun zama 'yan Jihar Sakkwato. Inna ta fito neman icen girki, ta iske ni durƙushe bayan rumbu ina tula ƙasa kan hular Baba.

Kwana tara ke nan da iska ta kife jirginsa a tafkin Kainji, wajen Ngaski. Jirgin ya dawo bakin gaɓa, shi bai dawo ba. Masunta suka yi ta nema har suka gaji. Mu Kirista a ƙauyenmu gida huɗu ne kacal, majami'armu ta zana ce, masu gaisuwa kuma duk sun watse sun koma gona. Ni kaɗai Inna ta haifa. Sai in yi shara, in ɗebo ruwa, in zauna kan turmi ina jin 'yan mata suna gaɗa can nesa, ba mai kirana. Na taɓa jin mai bishara yana cewa ran da Yesu zai dawo, kaburbura za su buɗe. To Babana ba shi da kabari, ina za a neme shi? Shi ya sa na yi masa nawa.

Inna ba ta doke ni ba. Ta tone hular, ta kakkaɓe, ta ja hannuna har bakin ruwa. Muka shiga jirgin Baba. Matar da ba ta taɓa riƙe filafili ba, ita ta tuƙa mu, jirgin yana ta juyi, maza suna kallo, har muka kai inda ba a jin ƙasa. Ta ce, "Ɗiyata, wanda ya zuba ruwan nan ya san abin da ke ƙarƙashinsa. In ya kira sunan babanki, zai amsa." Daga ranar ita ke ƙetarar da tsofaffin Kirista na wani tsibiri zuwa sujada kowace Lahadi, ni a goshin jirgi ina kwarfe ruwa.

Ban yi boko ba, ban kuwa taɓa jin kunyar haka ba, abin da Inna ta koya mini ya ishe ni. Yanzu jirage masu inji ke ratsa wurin, ba wanda ya san sunan Baba sai ni. 'Ya'yana suna birni, suna ta tambayar inda nake so a binne ni. Na ce musu ko'ina ma ya yi, za a gane ni.