Faranti ko Siririya

A ofishinmu ni ce mai sayayya. Daga biro har janareta sai ya bi ta teburina, kuma ba ni da haƙuri da mutumin da za a ce ya zaɓi ɗaya cikin biyu ya tsaya yana sosa ƙeya. Abin da ya kusa haɗa ni faɗa da Na-Lungu ke nan.

Na-Lungu shi ne mai gwajinmu. Kamfaninmu ƙarami ne, muna gina shafin intanet da marar lafiya zai buɗe daga gida ya ga likita ta bidiyo. Masu rubuta manhajar suna babban ɗaki mai tagogi, suna shan shayi suna musun ƙwallo. Shi kuwa ɗakinsa yana can ƙarshen baranda, inda a da muke jibge kwalaye, daga nan ya samo sunan. Aikinsa shi ne ya buɗe shafin a kan kowace irin waya da kwamfuta, ya danna nan ya danna can har sai wani abu ya lalace, sannan ya zo ya faɗa. To wa ke marmarin mai kawo irin wannan labari? Da an ji takun silifas ɗinsa sai hira ta mutu, wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga shi nan, ko me muka yi kuma." Ba ƙin sa ake yi ba, mantawa ake yi da shi. Akwai ranar da mai gadi ya kulle ofis yana ciki.

Ya haura arba'in. Ya taɓa aure, auren bai yi ƙarko ba, kuma ba ya zancen. Ɗaki ɗaya yake haya, abincin rana kuma a kan teburinsa yake ci yana fuskantar bango. Shi kaɗai iyayensa suka haifa. Lokacin da mahaifiyarsa ke raye, kullum da rana sai ta kira shi, nan ne kawai nake jin dariyarsa ta bango, don ofishina yana manne da nasa. Bara ta rasu. Ya rage shi da mahaifinsa, tsohon kafinta, a wani gari mai nisa. Na sha jin wayarsu, ba don ina kasa kunne ba, bangon ne ba shi da sirri.

"Baba, ina wuni?"

Amsar tsohon ba ta kai kunnena, sai dai tasa.

"Lafiya lau. To. To, Baba."

Shi ke nan an gama. Ya taɓa ce mini ba faɗa suka yi ba. Tun yana yaro duk abin da zai faɗa wa Baba, Inna yake faɗa wa ta kai, ta kuma dawo masa da amsa. Da ta tafi sai suka tarar ba su taɓa koyon hira da juna ba.

Ana nan sai masu amfani da shafin suka fara ƙorafi: a waya yana aiki, a kwamfutar hannu, wato tabulet, sai madanni ya ɓuya ko hoto ya daskare. Manaja ya ce a saya wa ɗakin gwaji tabulet, amma iri ɗaya kawai za a iya. Na je wurin mai shagon da muke hulɗa da shi, ya ba ni guda biyu aro, mu gwada mu riƙe ɗaya mu mayar masa da ɗaya. Ta farko babba ce mai nauyi, mai nawa wajen buɗe shafi, irin wadda yawancin mutane ke da ita a gida. Na sa mata suna Faranti. Ta biyun siririya ce mai sheƙi, kafin ka ɗauke yatsa ta buɗe. Ita kuma Siririya.

Na dire su gaban Na-Lungu na ce, "Ga 'yan mata biyu. Ka zaɓi ɗaya, kada ka daɗe kana zance."

Bai yi dariya ba. Ya juya su, ya ce bidiyo ba a gwada shi da ɓangare ɗaya. Dole wani ya zauna a can nesa, inda sabis ke da rauni, kuma zai fi kyau a samu dattijo mai raunin gani, don irinsu ne za su fi amfani da shafin. Manaja ya ce ya nemo. Washegari ya naɗe Faranti cikin kwali ya ba direban mota ya kai wa mahaifinsa.

Tsarin gwajin mai sauƙi ne. Mai gwaji zai zauna a matsayin likita, na can kuma marar lafiya, a bi tambayoyin da likita kan yi, a ga ko murya da hoto suna tafiya daidai. Da la'asar ta farko na ji muryar tsoho ta cika ɗakin.

"Salamu alaikum, Likita."

"Wa alaikumus salam. Malam, yau ina ke maka ciwo?"

Na zaci zai ce kai ko ciki, a wuce wurin. Sai na ji ya ce, "Gwiwa ce, Likita. Ta hagu. Tun da na daina hawa saman rufi ta fara. Amma ba ita ce babbar damuwar ba."

"Mece ce babbar?"

"Abinci ba ya mini daɗi. Tun da mai ɗakina ta rasu nake ci don dole."

Can Na-Lungu ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Kana da mai zama ya ci tare da kai?"

"Ina da ɗa. Yana nesa, aiki ya yi masa yawa. Yaron kirki ne, sai dai ba ya magana. Ni ya biyo."

Na tashi na bar ofishina, don abin ya fi ƙarfin kunnena.

Daga ranar, kowace la'asar sai an buɗe asibiti a lungu. Wata rana na leƙa da takarda a hannu, na ga tsohon a fuskar Siririya ya sa riga mai guga da hula, kamar mai zuwa ɗaukar aiki. Ya sassaƙa wa Faranti mazauni na katako, daidai faɗinta, don ya ce hannunsa na rawa. Yana aikinsa tsakani da Allah: ya faɗi cewa madannin kashe kira ya yi kusa da na ƙara murya, rubutun ya yi ƙanana, hoto kan tsaya in an juya ta a kwance. Duk an gyara. Amma tsakanin wannan da wancan, marar lafiya ya gaya wa likita yadda ya haɗu da matarsa, da yadda har yau yake kwana a gefe ɗaya na gado. Likitan ma wani lokaci yakan manta da aikinsa ya ce shi ma ba ya samun barci sosai, sai marar lafiya ya ba shi shawara.

Ni kuwa mai shago ya sa ni a gaba. Kullum waya: "Anti, kayana fa? Akwai mai so." Na je wurin Na-Lungu, ya ce sai an yi musanya tukuna, Siririya ta je can, Faranti ta dawo nan, in ba haka ba gwajin bai cika ba. Na yarda, magana ce mai ma'ana. Aka yi musanya, tsoho ya ce Siririya santsi gare ta, kuma ba ta zama a kan katakonsa. Aka sake mayar masa da Faranti. Na koma wurin Na-Lungu, ya ce saura a gwada wata burauzar, wato manhajar buɗe shafi. Na sake komawa, ya ce saura a ga yadda za ta yi in caji ya yi ƙasa. Ranar da ya ce mini saura ranar da ake ruwan sama, raina ya ɓaci.

Na rufe ƙofa na ce, "Kai, ni za ka mayar yarinya? Ka san wadda za ka zaɓa tun makon farko."

Ya sunkuyar da kai yana murza wayar caji. "Na sani, Anti. Faranti ce. Siririya ba ta nuna laifi, komai ka ba ta sai ta haɗiye. Faranti kuwa irin ta mutane ce, in shafi ya yi aiki a kanta zai yi a ko'ina."

"To me kake jira?"

"In na faɗa, gwaji ya ƙare."

Na ce masa wannan ai ba abin damuwa ba ne, ya saya wa tsohon tasa tabulet, su riƙa ganin juna har su gaji. Ya girgiza kai.

"Ba na'ura ce matsalar ba. Baba ba zai zauna ya yi ta surutu haka kawai ba, a wurinsa ɓata lokaci ne. Yanzu aiki yake yi, kamfani ne ya sa shi. Kuma ba ni yake gaya wa ba, likita yake gaya wa. In na kira shi a matsayin ɗansa, me zan ce bayan ina wuni?"

Wallahi na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Amma kaya na mutane ne, Manaja kuma ya riga ya tambaye ni sau ba adadi. Na ce masa zan iya riƙe mai shago zuwa ƙarshen mako, bayan nan ba ni da sauran ƙarya.

La'asar ta ƙarshe ban bar ofishina ba. Aka yi tambayoyi kamar kullum, gwiwa da sauƙi, abinci sai a hankali. Sannan Na-Lungu ya yi gyaran murya ya ce kamfani na godiya, an kammala gwaji, gobe direba zai zo ya karɓi na'urar.

"An sallame ni ke nan, Likita?"

"An sallame ka, Malam."

"To madalla. An gode da kulawa." Sannan ya ƙara da cewa, "In ka ga yaron nan nawa, ka ce ya riƙa cin abinci."

Faranti ta dawo cikin kwalinta, an goge ta tas. A ƙarƙashinta ga katakon, direba ya ce tsohon ya ce a haɗa da shi, ba shi da abin ɗorawa a kai. Na mayar da Siririya shago, mai shago ya yi ta mita na ƙyale shi. Na-Lungu ya kafa Faranti a kan katakon a gefen teburinsa, ya koma dannawa da kawo labarin da ba a so. Da la'asar lungu ya koma tsit, sai ƙarar fanka.

Bayan kwanaki na shiga kai masa sabuwar wayar caji, na same shi ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya buɗe murya, tana ringi. Aka ɗauka.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya."

"To."

"To, Baba."

Ya kai yatsa zai kashe, sai ya tsaya, don a can ma ba a kashe ba. Ana jin numfashin tsohon, da kukan wata kaza a bayansa. Suka zauna a haka, ni kuma ina tsaye da wayar cajin a hannuna.

Can tsohon ya ce, a hankali, "Ko likitan nan naku yana kusa?"

Na-Lungu ya dubi Faranti, fuskarta baƙa, ba kowa a ciki sai inuwarsa. Ya jawo kujera ya gyara zama, ya share ido da bayan hannu.

"Ga shi nan, Malam. Yau ina ke maka ciwo?"

Na ajiye wayar cajin a kan kwali, na fita na ja musu ƙofa.