Oga Manniru, Mai Cewa A Dakata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 21 ga Mayu, 2025, ana kiran sallar la'asar labari ya iso mana wurin aiki cewa Allah Ya karɓi ran Oga Manniru Bappayo, bayan jinyar mako biyu. Shi ya koya mana sarrafa jiragen soja marasa matuƙi a nan Abuja.

Oga, wallahi ka sha ba mu haushi. Jirgi ba ya tashi sai an duba batir, an kuma gwada cewa idan sadarwa ta yanke zai juyo gida da kansa. Mu yi ta tsaki a bayan idonka. Babbar ƙa'idarka kuwa ita ce na'ura ba ta yanke hukunci a kan ran ɗan Adam, sai mutum biyu sun gani sun yarda.

Ba zan manta ranar da muka hango mutum bakwai a dajin bayan Kwali ba, kowa da dogon abu a kafaɗa. Ni ne a gaban allo. Na rantse bindigogi ne, manya kuma suna ta bugo waya suna jiran mu tabbatar. Ka dafa ni ka ce, "Zakiyyu, dakata. Dubi hannayensu." Kowa ya gicciya abin a bayan wuya, ya rataya hannu biyu a kai. Ka ce, "Mai bindiga ba ya sakin jiki haka. Sanda ce. Haka babana yake bin shanu." Bayan minti huɗu sai ga garken ya hauro daga kwari. Kai aka yi wa faɗa ranar, wai ka ɓata lokaci. Ba ka taɓa goranta mini ba, ko da wasa.

Yanzu kujerarka aka ba ni, kuma tsoro nake ji, don ban san ko ina da zuciyar tsayar da manya kamar kai ba. Shekaranjiya waya ta dame mu da ƙara, Cynthia da ke gaban allo ta ce, "Oga, me za mu ce musu?" Na waiwaya bakin ƙofa inda kake tsayawa da kofin shayinka. Babu kowa. Ashe da ni take. Na ce a dakata. Ina kewarka, Oga, ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa rayukan nan bakwai a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, Hajiya Bara'atu da su Hanif da Sumayyah, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma Ya ba ni ikon ci gaba da cewa a dakata, ko da babu mai dafa ni.