Ranar da na bi ɗiyata biro

Ko da zan manta da komi, ba zan manta da ciwon hannun ɗiyata ba, da abin da na yi mata kafin in gane.

Na zo Tawa daga Affala lokacin da ta haihu, na zauna har ta koma aiki. Sakatariya ce a wani biro, wato ofis, wuni take gaban ordinatar, akwatin nan mai gilashi da ake kira kwamfuta. Wata safiya buta ta suɓuce mata, ta riƙe gwiwar hannunta na dama tana cije leɓe. Ta ce aikin ne. Na dube ta sama da ƙasa. Ni da na tsufa da taɓarya a hannu, za a ce mani zama cikin inuwa, ƙarƙashin fanka, yana karya hannu? Na ce jini ne ya kwanta don rashin motsi, na auno gero na miƙa mata taɓarya. Ba ta musa mani ba, ta daka. Washegari ko goyon ɗanta ba ta iya ɗaurewa.

Nan kaina ya ɗaure. Mai ɗori ya latsa ya ce ba karaya, ba targaɗe. Likita ya ba ta abin shafawa, ya ce ta hutar da hannun, ta kuma gyara zama. Zama? Hannu ke ciwo, me ya haɗa shi da zama? Tsorona kada hannun ya shanye gaba ɗaya, a ce ni na ƙarasa shi.

Ranar Litinin na yafa mayafi na ce tare za mu.

"Inna, biro fa ba a zuwa da uwa."

"Yau za a fara," na ce.

Na samu kusurwa na zauna, na zuba mata ido. Ban gane komi a gilashin ba, amma jikin mutum na san shi. Teburin ya yi tsawo, kujerar ta yi ƙasa, kafaɗarta a ɗage. Ɗan abin nan na ordinatar da take turawa da hannu a kan teburin yana can nesa, hannun a miƙe, yatsun a danƙe. Har rana ta take bai sauka ba ko sau ɗaya. Sai daka ya faɗo mani a rai. Mu muna sauya hannu, muna cilla taɓarya mu tafa, tafin ya buɗe ya sha iska. Kuma gajera ba a ba ta dogon turmi sai an sa mata abin takawa.

Shef ɗinsu, wato shugabansu, ya shigo da takardu, na tare shi. "Malam, turmin nan ya fi ta tsawo."

Ya waiga yana neman turmi. "Wane turmi, Hajiya?"

"Inna, don Allah," in ji ɗiyata, kanta a ƙasa.

Ban saurare ta ba. Na ninke dardumar sallata na sa mata a kujera har gwiwar hannun ta daidaita da teburin, na jawo ɗan abin kusa da ita. In na ga ta daɗe sai in tafa, ta miƙe, ta saki hannuwa, ta buɗe yatsu. Abokan aikinta suka yi ta dariya, amma a tafi na uku biyu daga cikinsu sun miƙe tare da ita.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Ni na karɓi goyo da daka har makonni suka wuce, ran nan na gan ta ta ɗaga ɗanta da hannun ba ta yamutsa fuska ba. Na juya na shiga ɗaki.

Har yau ban san abin da suke nema cikin akwatin nan ba, ban kuma gane yadda aikin da ba ya sa gumi yake cin jiki haka ba. Abin da na koya shi ne, in mutum ya ce mani wuri kaza na yi masa ciwo, sai na je na zauna na ga yadda yake wuni kafin in miƙa masa taɓarya.