Karan da Na Kwashe

Shekara ukku na yi a lakwal, makarantar boko, biyu daga ciki a gindin kanya na yi su, bayan aji, ina jiran a tashi in bi yara gida kamar wanda ya sha karatu. Ranar da na daina zuwa, an ce mushe, wato malaminmu, har sadaka ya yi. Abin da na tsira da shi haɗa baƙi ne, a hankali, kamar jaki cikin rairayi. Shi ya sa duk littafin da ya shigo gidana jikata ke karanta mini, ƴar kolej.

Amma bari in fara da abokina. Bafillace ne. Bakin rijiya muka haɗu muna yara, ya ce mini Kaɗo mai warin daddawa, na ce mashi Agwai mai ƙafar sanda, muka kama kokawa, ya kada ni. Tun daga rannan ba mu taɓa gaisawa ba sai da zagi. Duk shekara, in an gama girbi an saki gonaki, ubansa ya kan kawo shanu gonar ubana. Su ci kara, su kwana nan, su bar mana taki. Mu ba su damin hatsi, su ba mu nono. Iyaye suka rasu, muka gaji abin yadda yake. Ba takarda, ba shaida.

Sai wata shekara babban ɗana ya zo mini da dabara.

"Baba, yanzu ba mai barin kara a gona. Kowa kwashewa yake, ya tara, in bazara ta yi ya sayar. Mu kaɗai muka rage."

Da na so in ce matsa mini ya yi. Ƙarya ce. Ni na tuƙa amalanken da kaina, har ina ƴar waƙa. Muka kwashe kara, muka ɗaure harawa muka ɗora bisa rumfa, gona ta zama kamar tsakar gidan amarya. Kuma ban aika wa abokin nawa ba. Na ce in mun haɗu kasuwa zan gaya mashi, muka haɗu, na ga yana dariya, na fasa.

Kwana ukku ya yi yana koro shanu daga wajen Issawane. Ya iso da hantsi, ya tsaya bakin gona, ya dogara da sanda, ya daɗe yana kallo. Shanu suna shinshina ƙasa.

"Sannu da aiki, Malam," in ji shi. "An yi shara."

Malam! Mutumin da bai taɓa kirana da sunan kirki ba. Ya sha ruwa, ya yi godiya, kafin azahar ya juya.

Shekara biyu bai zo ba. Muna haɗuwa kasuwar Kanan-Bakaché, ya ba ni hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan bana, ya wuce. Na sha zagi a duniya, amma ban taɓa jin wanda ya yi mini ciwo kamar gaisuwar nan ba.

Wata la'asar ina tufka igiya ƙarƙashin rumfa, jikata ta zo da wani ɗan littafi da ta aro a lakwal, na Faransanci, mai hotuna. Na ce, "Amarya, zo ki karanta wa maigidanki."

"Wa zai auri tsoho mai haƙori huɗu?" Amma ta zauna.

Tana karantawa tana juya mini da Hausa. Labarin ƴan mata biyu ne, benci ɗaya suke zama tun suna ƙanana, wadda ta riga zuwa ta kama wa ƴar'uwarta wuri. Sai ɗaya ta yi sababbin ƙawaye, wata safiya ta ba wata wurin. Waccan ba ta yi faɗa ba, ta koma baya ta zauna. Daga nan sai gaisuwa kawai.

"Wannan ai ƙaramar magana ce," na ce. "Benci ne fa, ba gado ba."

"Ba bencin ba ne, Kaka. Ba ta gaya mata ba ne. Ta bari sai da ta zo ta gani da idonta, gaban mutane."

Na ci gaba da tufka. Igiyar ta karkace.

"To mi ta yi daga baya?"

"Wasiƙa ta rubuta, ta ce ta tuba, suka yi kuka."

Na yi dariya har na tuma. Ni in rubuta wasiƙa, a ɗauki wata guda, a kai wa mutumin da ko sunansa bai iya karantawa ba, sannan tsofaffi biyu mu zauna cikin kasuwa muna kuka! Ta dube ni ta gefen ido, irin kallon kakarta.

"Ni ban ce kai ba. Kai ka ce."

Da aka yi girbin shekarar, na ce kada wanda ya taɓa mini kara ko ɗaya. Ɗana ya yi magana har ya gaji. Na ce ya ɗauki harawa, ita na bar mashi, sauran kuwa gonata ce, ban mutu ba tukuna. Maƙwabta suna wucewa da amalanke suna ce mini tsufa ya kama ni. Ban musa ba.

Ranar kasuwa na sami abokina wajen masu sayar da kanwa. Muka yi gaisuwar nan tamu mai sanyi har ta ƙare. Zai wuce, na riƙe hannunsa.

"Gonata ta yi ƙazanta bana. Kara ko'ina. Na rasa mai share mini."

Ya dubi ƙasa. "Ina amalankenka?"

"Jakin ya ƙi. Ya fi ni hankali."

Bai yi dariya ba. Ya ce Allah shi kyauta, ya tahi. Na dawo gida ina jin na zubar da girmana a banza, ga asarar kara.

Kwana tara ina zuwa gona kullum da safe, wai duba iyaka. Rana ta goma na ji kukan shanu daga arewa. Da suka matso na ga garken ya ragu ƙwarai, bai kai rabin wanda na sani ba. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Ya karya kara ɗaya, ya tauna, ya tofar.

"Kaɗo, wannan shi ne karan? Ko noma ma ba ka iya ba. Shekara sittin!"

Na ce ya rufe mini baki ya zo ya sha hura. Wata biyu suka yi a gonar.

Ana nan wata safiya wani maraƙinsa ya ɓalle ya shigo har bayan gida, ya miƙa wuya yana jan harawar ɗana daga bisa rumfa. Ni kaɗai na gan shi. Na gyara zama, na juya mashi baya, har ya ƙoshi.