Darbejiyar Bakin Gonar Mu'azu

A Lahodu in aka ce wane bai yarda da kowa ba, tsofaffi sukan yi murmushi su ce ai bai kama ƙafar Mu'azu ba. Manomi ne gajere mai ƙananan idanu, wanda ko gaisuwa ka yi masa da fara'a sai ya koma gida yana juya abin da kake nema a wurinsa. Matarsa Kyauta ta sha faɗa cewa da gona tana ɗauruwa da igiya, da Mu'azu ya jawo tasa ya kwana da ita a ɗaki.

Amma kada mu ɗauki alhakinsa, zargin nasa yana da tushe. Yana saurayi mahaifinsa ya ba wani baƙo daga Rabah aron gona. Baƙon ya dasa tsamiya a tsakiyarta, tsoho ya ji kunyar hanawa. Da aka zo karɓa sai dattawa suka ce ai kowa ya san al'ada, mai aro ba ya dashe, wanda kuwa aka zuba wa ido ya dasa har itacen ya girma, to an bar masa ƙasar ke nan. Da wannan baƙin cikin tsohon ya mutu. Gona ɗaya ta rage wa Mu'azu, tudu ce ta gero, sai wani ɗan gefe mai laima a gangare inda yake yin dawa da albasa. Duk shekarar da ruwa ya yi gardama, wannan gefen ne yake riƙe gidan.

Ana nan sai Turawa suka tashi haiƙan a kan dashen itatuwa. Malamin daji, wani dogo mai suna Halliru, ya iso daga Wurno da jakuna ɗauke da 'ya'yan darbejiya a kwanduna. Ya tara jama'a a ƙofar maigari ya ce rairayi yana cinye gonaki, itace ne zai tare shi, don haka za a dasa a iyakar gonar kowa, mai gona ya riƙa ban ruwa. Ya ƙara da cewa nan gaba gwamnati za ta shata gandun daji, ta kuma tabbatar wa kowa iyakarsa. Kyauta ne, in ji shi.

Kalmar nan ta kyauta ita ta tayar wa Mu'azu da hankali. Ya matsa kusa da maƙwabcin gonarsa Sale, ya ce a hankali, "Don mi ba su ba mu hatsi kyauta ba, sai icce? Wanga abu na gane shi. Yau su dasa, gobe su ce ƙasa tasu ta."

Sale mutum ne mai sanyin magana, kullum kansa a sunkuye. Ya ce Allah dai ya kyauta.

Ƙi a fili ba ya yiwuwa, ga idon maigari. Sai Mu'azu ya zama wanda ya fi kowa himmar ban ruwa. Kullum da hantsi za ka gan shi da tulu yana bin dashen ɗaya bayan ɗaya, har ana yaba shi. Abin da ba a sani ba, kanwa yake jiƙawa a tulun. Kafin kaka duk sun bushe. Da damina ta zagayo aka sake dasawa, suka sake bushewa, alhali na Sale suna can sun yi kore shar.

Halliru ba yaro ba ne. Ya tsuguna ya kankari farin da ya taso a gindin wani busasshe, ya ɗanɗana, ya daɗe yana kallon Mu'azu. Mu'azu ya ce ƙasar ce haka tun kakanni. Halliru ya ce to, in na bana suka mutu, sai su tafi Wurno tare ya yi wa alƙali bayanin ƙasar.

A nan ne Sale ya sa baki. "Yaya Mu'azu, bari in ɗauke maka wahalag ga. Ni in dasa, ni in yi ban ruwa, hannuna na karɓad dashe."

Mu'azu ya ji kamar an sauke masa dutse. A lissafinsa, wanda ya ƙulla hulɗa da gwamnati shi za ta fara kamawa ranar ƙwace. Ko da Sale ya ce ainihin iyakar ruwa yana kwanciya a kanta, gara a hau da layin sama, a wuce gefen albasar Mu'azu zuwa bakin tudu, Mu'azu bai ja ba, don yana da niyyar bin su da tulunsa daga baya. Sai dai Sale ya kewaye kowane da ƙaya, ya kuma mai da wurin wajen wuninsa. Darbejiya kuwa ba ta jiran kowa, kafin a ankara ta wuce tsawon mutum.

Da ya ga haka sai ya shiga wanke kansa. A kasuwa, a wurin suna, a bakin masallaci, yana ta kafa shaidu cewa ko ɗaya ba da hannunsa aka dasa ba, aikin Sale ne. Kyauta ta gaji ta ce masa, "Malam, kai Wurno kaka kallo. Ni ko Sale nika kallo." Ya ce mata ta tsaya a kan tukunyarta.

Shekaru suka ja, ranar shata iyaka ta zo. Wakilin uban ƙasa da Halliru da maigari da dattawa suka bi gonaki a ƙafa, Mu'azu yana bin bayansu. Gwamnati ta ja gandunta a dajin bayan gari, ba ta taɓa gonar kowa ba. Har ya fara sakin jiki, suka gangaro gefen albasa. Sale, kansa a sunkuye kamar kullum, ya nuna layin darbejiya ya ce nan iyakarsa ta tsaya.

Mu'azu ya yi tsalle ya dire, ya rantse da kabarin ubansa. Wakili bai kula rantsuwar ba, ya juya ga dattawa ya tambayi wanda ya dasa itatuwan, da ko mai gona ya hana. Maigari ya dube shi da tausayi ya ce, "Mu'azu, kai da bakinka kak kira mu shaida. Mi kaka so mu ce?"

Haka gefen ya tafi, kamar yadda gonar tsamiya ta tafi.

Ya yi tsawon rai bayan nan, a kan geron tudu, yunwa tana leƙo gidan duk shekarar fari. Bai sake zama a inuwar darbejiya ba, ko a kasuwar Goronyo gara rana ta gasa shi. Bai kuma taɓa yarda cewa Sale ne ya yi masa wayo ba. Yana kwance a ciwon ajali, Kyauta tana yi masa fifita, ya ce mata har yanzu yana nan a kan bakansa, Sale bai da wannan basirar, Nasara ne ya turo shi.

Kyauta ta ci gaba da fifita. Can ta ce, "To Malam, kanwad da nid dinga ba ka daga ɗakina, ita ma Nasara yaj jiƙa ta?"

Ya juya fuskarsa bango.