Buɗe Baki In Gani

Duk yaron da ya taɓa sayen ƙosai a bakin titin Zuma ya san Hannatu. Kafin ta miƙa maka ƙullinka sai ta ce, "Buɗe baki in gani." Ta leƙa, ta ce, "Shekararka bakwai, ga famfara ka fara. Rufe, kada ƙadangare ya gani ya hana su tsirowa!" Da wuya ta kuskure.

Ni maƙwabciyarta ce, kuma da farko haushi abin yake ba ni. Na ce, "Haba Maman Joy, ke likita ce?" Sai ta ba ni labari. Ranar da aka kai wa ƙauyensu hari a Filato, a wajen gudu ta rabu da 'yarta Joy, mai shekara uku. Ba a ga yarinyar ba, ba a ga gawarta ba.

"Fuska tana canzawa, Saudatu," in ji ta, "amma haƙori ba ya ɓoye shekaru."

Ashe sa'o'in 'yarta take nema. Wallahi sai da na yi kuka.

Bara Fasto Nehemiya na cocinsu ya zo da albishir: an samu wata Joy, 'yar Filato, a wani gidan marayu wajen Gawu Babangida. Na raka ta. Kai, ita da Hannatu kamar an tsaga kara! Har goshin iri ɗaya. Fasto ya ɗaga hannu yana godiya, yarinyar kuwa ta zo ta riƙe zanin Hannatu.

Hannatu ta durƙusa, ta ce, "Buɗe baki in gani."

Giɓi biyu a gaba, sabuwar famfara. Joy ɗin Hannatu kuwa a lokacin ta kai shekara sha biyu, ta daɗe da wuce nan.

Na raɗa mata, "Ki ɗauke ta mana, wa zai sani?"

Ta ce, "Uwarta ma tana can tana leƙa bakin 'ya'yan mutane." Da kanta ta ɓamɓare yatsun yarinyar daga zaninta.

Har yau tana suyar ƙosai, amma ta daina tambayar. Na ce mata ko ta haƙura ne. Ta bi wasu 'yan matan sakandare da kallo har suka tsallake titi.

"Ina fa," in ji ta. "Joy ta girma yanzu. Ko ta zo gabana, kunya ba za ta bar ta ta buɗe mini baki ba."